Mai Gutsurar Gidan Zanzaro

Yau kam sai kun yi haƙuri da ni. Ga wanda bai san ni ba, sunana Lombe, shekarata ashirin da huɗu, ni kaɗai iyayena suka haifa, muna zaune a nan garin Kasama. Jibi Asabar dangin Katongo za su turo wakilinsu da rufaffun kwanukan neman aure kamar yadda al'adarmu take. Katongo malamin gona ne, shekara biyu muna tare, kuma tsakanina da shi ba a taɓa wuce riƙon hannu ba. Ni na ce ya jira, shi kuma ya jira, bai taɓa ɓata min fuska a kai ba.

Ranar Litinin da hantsi ina ɗakina ina guge zanen da zan ɗaura ran Asabar, shuɗi mai zanen ganyen ayaba, da rigar da tela ya ɓata min hannunta har sau biyu, sai wani ƙwaro ya shigo ta taga. Baƙi ne siriri, ƙugunsa rawaya kamar zaren ɗinki, dogayen ƙafafunsa na reto a ƙasa. Ya zagaya kaina sau ɗaya. Ni da rina ta taɓa kumbura min ido a makarantar kwana har na yi kwana uku ina kallon allo da ido ɗaya, ai ban tsaya tambaya ba, na yi waje na bar dutsen guga a kan zane. Allah ya taimake ni Mama ta shiga ta ɗauke.

Da na zagaya bayan gida sai na ga daga inda yake. A ƙarƙashin rufin kwano, daidai saman tagata, curin laka ne guda uku a liƙe da bango, kowanne da 'yan ɗakuna a jere kamar yatsun hannu. Wasu a toshe, wasu da ɗan rami. Ƙwarin biyu suna ta kai da komo, ɗaya na liƙa laka yana wata 'yar ƙara ziii. Rabin rayuwata a ɗakunan kwanan ɗalibai na yi ta, daga sakandare har kwalejin malamai a Kitwe, ban taɓa tsayawa na kalli irinsu ba. Na ja baya sosai na ɗauki hoto na tura wa Katongo.

"Malamin gona, rina sun tare a tagata. Ka zo da magani ko ka nemi wata amarya."

Ko minti biyu ba a yi ba ya amsa. "Malama, matsa kusa ki sake ɗauka. Wannan hoton bango ne kika turo min."

"Ka zo ka matsa da kanka."

"To amsa min. Gidan na laka ne ko kamar takarda? Kuma rami ɗaya duk suke shiga, ko kowa da nasa?"

"Laka. Kowa da nasa."

"Ba rina ba ce, zanzaro ne. Rina taro suke zama, su ne masu faɗa. Wannan kowace ita kaɗai take gininta, ba ruwanta da ke sai in kin matse ta. Gizo-gizo take kamowa ta cusa a ɗaki, ta sa ƙwai ɗaya ta toshe. In ɗan ya girma ya huda ya fita. Famfonku na baya yana ɗiga, ko?"

"Wa ya faɗa maka?"

"Magini ba ya nisa da ruwa. Kada ki taɓa su. Ki riƙa turo min hoto kowace safiya, ina so in nuna wa manomana."

Ku ji mutum. Saura kwana biyar a zo neman aurensa, shi hoton ƙwaro yake nema. Amma ba zan ɓoye muku ba, wannan halin nasa na tsayawa ya kalli abu har sai ya gane shi, shi ne ya sa na fara son sa.

Talata Gwaggo Kangwa ta iso daga ƙauye da buhun rogo da kaza biyu. Yayar Baba ce, ta haura sittin, kuma ita ke da bakin magana a kan aurena tunda Baba direban babbar mota ne, ba zai dawo daga Nakonde ba sai Juma'a da yamma. Mace ce da ba ta shiga gida ta zauna sai ta zagaye shi, ta duba tukunya, ta duba makewayi, ta faɗi abin da ta gani. Ina biye da ita har bayan gida. Ta ɗaga kai, ta tsaya.

"Tun yaushe waɗannan suka tare?"

"Jiya na gan su, Gwaggo. Zanzaro ne, ba sa harbi."

"Ke za ki faɗa min sunansu? Tagar wa ce wannan?"

"Tawa."

Ta dube ni daga ɗankwali har silifa. "A garinmu ba sa gini sai a gidan da ake jiran haihuwa."

Na yi dariya. Na ce mata famfo ne ke ɗiga, laka suka biyo. Ta ce famfo nawa ke ɗiga a Kasama, me ya sa ba su je can ba. Na ƙyale ta, don wanda ya ja da Gwaggo shi zai gaji.

Laraba da safe ina shanya na ji Gwaggo ta kira ni da cikakken sunana. Na same ta a ƙarƙashin tagar, hannu a ƙugu. Ɗaya daga cikin curin an ɓalle masa gefe, ɗaki biyu babu su, sai jan tabo a bango.

"Buɗe bakinki."

"Gwaggo, lafiya?"

"Na ce buɗe." Ta leƙa haƙorana, ta ja fatar idona ƙasa, ta juya tafin hannuna, ta ƙura wa wuyana ido. "Ba mai cin ƙasar gidan zanzaro sai mace mai ciki. Ni na ci, uwata ta ci. Kwaɗayinta ba ya barin mutum ya zauna. Wata nawa?"

Ban san lokacin da hawaye suka zubo min ba. Na rantse mata, na sake rantsewa. Ta ja ni har tsakar gida inda Mama ke zaune tana ɓare ganyen kabewa za ta yi miyar gyaɗa.

"Uwar Lombe, kina cikin gidan nan abu yana faruwa a ƙarƙashin hancinki. 'Ya ɗaya tal Allah ya ba ki, ita ma kin kasa tsarewa?"

Na zuba wa Mama ido. Uwata ce, ta san ni ciki da waje, ta san ko fita zan yi sai na faɗa mata inda za ni. Na jira ta miƙe ta wanke ni. Sai ta ci gaba da ɓare ganye, kanta a ƙasa, ta ce da wata murya da ƙyar ake ji, "Yaya, yarinyar nan ba haka take ba."

Shi ke nan abin da ta ce. Zagin Gwaggo bai yi min ciwo kamar wannan sanyin bakin ba.

Gwaggo ta ɗauko doguwar tsintsiya ta nufi baya, ta ce kafin baƙi su zo su karanta mana asiri a bango gara ta kankare su a shafa farar ƙasa. Mama da ko tashi ba ta yi da sauri 'yan kwanakin nan, sai ga ta ta riga ta isa. Ta riƙe tsintsiyar da hannu biyu.

"Yaya, ba a rushe musu gida."

"Sakar min."

"Ku ma kun san ana cewa in an rushe, cikin da ke gidan zubewa yake yi. Ku bar su."

Gwaggo ta saki tsintsiyar a hankali tana gyaɗa kai. "Ashe kin sani. Jikanki kike karewa. To madalla."

Na koma ɗaki na kulle. A nan na tarar da saƙon Katongo, amsar hoton da na tura masa da sassafe ban ma kalle shi da kyau ba.

"Malama, curin tsakiya jiya ɗaki bakwai ne, yau biyar."

"Wataƙila sun ƙyanƙyashe," na rubuta.

"In sun fita, rami suke bari zagayayye, ɗakin yana nan. Wannan hannu ne ya ɓalla. Kuma mai ɓallawar ya san abin da yake yi, ɗakunan da babu kowa ciki kawai ya ɗauka."

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Can sai ga shi.

"Yayata ta ci wannan ƙasar lokacin da take ɗauke da ɗanta na fari. Lombe, akwai abin da ya kamata in sani kafin Asabar?"

Kun san ni da zuciya. Na rubuta masa cewa in shekara biyu ba ta ishe shi sanin ko ni wace ce ba, to ya je ya nemi auren zanzaron, tunda ita ya fi ganewa. Ya karanta. Bai amsa ba. Na yi ta duba wayar har ta yi zafi a hannuna, na kashe, na kunna, shiru. Tuwon ranar ko loma uku ban kai ba, Gwaggo kuwa ta ce ga shi nan, laulayi ne.

Yau Alhamis da safe ta yanke hukunci. Gobe da sassafe za ta kai ni asibiti a gwada ni kafin ɗan'uwanta ya dawo, don ba za ta bari ya zauna gaban baƙi da kunya a ɓoye a bayansa ba. Na ce mata mu tafi yanzu ma. Har wani sanyi na ji a raina. Na fara shirya yadda zan ajiye mata takardar a cinya, in ɗauki hotonta in tura wa wani malamin gona ba tare da ko kalma ɗaya ba.

Bayan abincin rana Gwaggo ta ɗaura zanenta na fita, ta ce za ta kasuwa neman busasshen kifi. Wajen ƙarfe huɗu hadari ya haɗo daga gabas, na fita da gudu in kwashe shanya. Ina shan kwanar gida na tsaya cak.

Mama ce a tsaye a kan turmi da aka kife, hannu ɗaya dafe da bango, ɗayan a sama. Da farcen babban yatsa take ɓallar ɗakin laka a hankali, tana kauce wa waɗanda ke toshe. Ƙwaron na shawagi kusa da kunnenta ko kallonsa ba ta yi. Ta hure ƙurar, ta kai baki, ta lumshe ido. Iska ta manna mata rigar a jiki, sai a lokacin na ga abin da na yi makonni ina kallo ban gani ba. Zanen da ta koma ɗaurawa sama. Kifin da ta daina soyawa ta ce ni in koya. Barcin rana da ba halinta ba. Shekararta arba'in da uku, ko a mafarki ban kawo ba.

"Mama."

Ta yi tangaɗi, na yi wuf na riƙe ta na sauko da ita. Na zaunar da ita a kan turmin, na tsuguna a gabanta.

"Mama, ciki ne da..."

Ta rufe min baki da tafinta mai warin laka. "Kada ki faɗa. Ban faɗa ba, ke ma kada ki faɗa. Gani kika yi."

"Wata nawa?"

Ta ɗaga yatsu uku, ta lanƙwasa na huɗu rabi.

"Baba ya sani?"

Ta girgiza kai.

Sai zuciyata ta taso. "Shi ne kika zauna kina ɓare ganye ana buɗe min baki kamar akuyar kasuwa? Kwana biyu, Mama. Katongo ya daina yi min magana. Kalma ɗaya kawai za ki faɗa."

"Kalmar ce nake tsoro." Ta share bakinta da gefen zane. "Sau huɗu bayanki, Lombe. Na farko ranar da na gane na faɗa wa babanki, sati biyu ya zube. Na biyu mahaifiyata na faɗa wa. Na uku zumuntar mata suka taru a coci suka yi min addu'a da sunana. Na huɗu ke na faɗa wa, kina shekara goma sha biyar. Kin tuna safar da kika sayo?"

Na tuna. 'Yar safar jariri ce, fara mai ɗan jan baki. Ban taɓa tambayar inda ta shiga ba.

"Babu wanda ya taɓa cika wata huɗu," ta ce. "Na san za ki ce camfi ne, kin yi boko. Ni ma wani lokacin haka nake ce wa kaina. Amma duk wanda bakina ya ambata ya tafi. Wannan ko a addu'a ba na kiran sunan abin, cewa nake Ubangiji ka san abin da nake nufi."

"Kin je asibiti?"

"Na je wani can gaba, inda ba a san ni ba. Sun ba ni ƙwayar ƙarin jini, sun ce in daina cin ƙasa. Na kasa. Da na ga sun yi gini a nan sai na ji kamar an aiko min da saƙo." Ta kama hannuna. "Gobe in aka gwada ki aka ga babu komai, mata uku ne a gidan nan, Yaya kuma ta wuce sittin. Za ta juyo kaina. Kin san bakinta, kafin Asabar har ƙauye an ji, a ce uwar amarya tana gasa da 'yarta. Ba dariyar nake gudu ba, na sha wadda ta fi ta. Sati biyu kawai nake roƙo, ya wuce inda 'yan'uwansa suka tsaya. Na cuce ki, na sani. Ban san yadda zan yi ba ne."

Na so in ci gaba da fushi, na kasa. Shekara ashirin ana yi wa matar nan gorin 'ya ɗaya a gabana tana murmushi tana zuba wa masu gorin abinci. Tausayinta ya kama ni. Na buɗe ɗayan hannunta, akwai sauran guntun laka a ciki, na karɓe na ce wannan kam ya isa haka.

Ruwa ya fara dukan kwano da ƙarfi, shi ya sa ba mu ji ƙarar babur ba. Muryar Gwaggo kawai muka ji a kanmu.

"Ga ta nan. Zo ka gani da idonka."

Ba kasuwa ta je ba. Ofishinsu Katongo ta je ta ɗauko shi, wai gara mai kaya ya zo ya amsa da bakinsa kafin Baba ya dawo. Yana tsaye a bayanta da rigar aikinsa kore, kafaɗunsa sun jiƙe, hular kwano a hannu. Idonsa ya yi ja kamar wanda bai runtsa ba.

Gwaggo ta dubi bango, ta dubi turmi, ta dube ni. "Buɗe hannunki."

Na buɗe. Jar laka, da rabin ramin a jikinta.

"To. Ta wa ce?"

Na ji Mama ta ja numfashi a bayana. Na waiga. Bakinta a buɗe, ta dafe mararta da hannu biyu. Faɗa za ta yi. Saboda ni za ta furta kalmar da ta yi wata uku da rabi tana haɗiyewa, kuma na san in wani abu ya faru bayan haka, har ta mutu ba za ta yarda ba bakinta ne ya jawo ba.

Na san Katongo yana kallona. Ina sane na ɗaga hannu na jefa lakar a bakina. Na tauna. Gardi-gardi, ƙasa-ƙasa, da wani ɗan ɗaci, tana ƙara a haƙorana. Na haɗiye.

"Tawa ce, Gwaggo. Ba sai mun je asibiti ba."

Gwaggo ta tafa hannu sau ɗaya, ta fara. Ta kira ni abin da ba zan rubuta a nan ba. Ta ce dama 'yar da aka bari ita kaɗai a shagwaɓe ƙarshenta ke nan. Tana tsaka da haka Katongo ya ajiye hular a ƙasa, ya durƙusa a cikin taɓo da wandon aikinsa, ya tafa hannu a hankali yadda ake yi wa surukai.

"Gwaggo, ku daina zaginta. Nawa ne. Laifina ne, ni na matsa mata. Asabar tana nan yadda aka sa, abin da za ku ɗora min na karɓa."

Ko sau ɗaya bai dube ni ba. Ina ganin jijiyar wuyansa tana harbawa. Gwaggo ta juya kansa ta yi masa tatas, yana durƙushe ruwa na zuba a bayansa yana cewa ku yi haƙuri. Da ta gaji ya miƙe, ya gaida Mama kansa a ƙasa, ya ɗauki hularsa ya fita.

Yanzu ina zaune a bakin gadon Mama, ko magariba ba ta yi ba, ruwan bai tsaya ba. Ta yi kuka har barci ya ɗauke ta, hannunta damƙe da bakin zanena, in na motsa sai ta ƙara riƙewa. Ƙasar tana nan tsakanin haƙorana. Ɗazun nan wayata ta yi haske.

"Ba zan fasa ba, kuma ba wanda zai taɓa ji daga bakina. Amma ina jin kamar zan mutu, Lombe. Ki faɗa min sunansa kawai."

Sau uku na rubuta masa gaskiya, sau uku na dubi hannun da ke riƙe da zanena na goge.